Wanda Bai Iya Gyara Ba, Bai Iya Tafiya Ba

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowace tafiya ke buɗe shi ba. Wanda ya shiga mota ya yi ta gyangyaɗi daga tasha zuwa tasha, babu abin da ya buɗe sai bakinsa wajen hamma. Mai tafiya a kan babur kuwa tilas ne ya san hanya, ya san iska, ya kuma san abin hawansa ciki da waje. Ra'ayina shi ne, ya kamata kowane ɗalibi ya koyi gyaran babur kafin ya bar makaranta, sa'an nan ya je ƙasar kuza ya ga abin da rashin gyara ke jawowa. Ga dalilaina.

Da yawa daga cikinmu muna sha'awar hawan babur, amma muna ƙyamar baƙin mai ya taɓa hannunmu. Mukan ce kanikanci aikin wanda bai yi karatu ba ne. Alhali kuwa abin da malaminmu na kimiyya ke zana mana a allo shi ne bakanike ke riƙe da shi a hannu. A cikin kafireto fetur ke gauraya da iska, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama ta tura fistin, kaca ta kai ƙarfin ga tayar baya. Wanda ya kwance waɗannan sau ɗaya ya mayar, ba zai manta da darasin ba.

A dogon hutun da ya wuce yayana ya goya ni a babur daga Kano zuwa Jos, tafiyar kusan kilomita 300, ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada da dajin Falgore da Saminaka. Sau uku babur ya tsaya. Kafin Tudun Wada ƙusa ta huda tayar baya. Bayan Saminaka kaca ta saki tana ƙara. Da muka fara hawan tudun Jos sai injin ya riƙa shaƙewa, domin can sama iska ba ta da kauri kamar ta Kano, fetur ya yi mata yawa, fulogi ya yi baƙi. A duk wuraren nan babu mai faci kusa, balle gareji. Abin da ya fisshe mu shi ne ƴar jakar da Yaya ya ɗaure a baya: sifana, da filaya, da sukudireba, da kayan faci, da famfo, da sabon fulogi. Ba su kai nauyin littattafan da muke ɗauka zuwa aji ba. Ko ɗaya daga cikin gyaran nan bai ci sa'a guda ba, amma da bai iya ba, da a daji za mu kwana.

To, me ya kai mu Jos? Kuza. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai, wadda ake ratsewa zuwa gare ta daga wannan hanya a kudancin Jihar Kano, suna narka kuza su mai da ita sanduna sirara, fatake su saya. Waɗannan sanduna ne suka ja hankalin kamfanin Turawa na Neja, har ya aika da mutanensa neman tushenta a 1902. Ba da daɗewa ba suka kafa sansani a Naraguta. Daga nan kamfanoni suka yi ta kwarara, garuruwa irin su Jos da Bukuru da Barikin Ladi suka bunƙasa. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya isa Bukuru a 1914, ya yi aiki har 1957. Babban layi daga Fatakwal ta Kafancan ya iso Jos a 1927. Kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya samar wa ma'adinan lantarki daga ruwan Kurra, tun lokacin da yawancin biranen ƙasar nan ke kunna aci-bal-bal.

Wa ya yi aikin? Kakanninmu ne. Dubban leburori daga ƙasar Hausa da Barno da sauran wurare sun ɗauki ƙasa a kwano bisa kawunansu. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyuka ala tilas, kuma da yawa sanyi da cuta suka kashe su a barikoki. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, ba a taɓa samun kamarta ba. Ana shafa ta a jikin gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa, ana kuma liƙe wayoyin lantarki da ita, har da na cikin rediyo da wayar hannu. Garin haƙar nan kuma aka tono gumakan yumɓu na Nok, na farko a 1928, waɗanda ake iya ganin irinsu a gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952.

Amma ina arzikin yau? Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka watse. Abin da mai babur zai gani tsakanin Bukuru da Barikin Ladi shi ne tsibin jar ƙasa da kududdufai masu zurfi, nan ɗaya can ɗaya, a inda da gonakin Birom ne. Gaskiya ne an cike wasu ramukan an dasa itatuwan turare, wasu manoma na noman rani da ruwan, an kuma mai da na Rayfield wurin shaƙatawa. Duk da haka masu yawa suna nan baki buɗe, suna cin mutane da dabbobi. Matasa kuma na shiga ramuka da diga da shebur neman ragowar kuza, wani lokaci ƙasa ta rufta musu. An hau ƙasar nan kamar babur ɗin aro, an more ta, da ta tsaya aka jingine ta aka yi gaba.

Wannan shi ne abin da nake so ƴan'uwana ɗalibai su gane. Halin da ke sa mutum ya yar da babur saboda fulogi, shi ne ke sa al'umma ta bar rami a buɗe, ta bar famfon unguwa a lalace, ta bar kujerun aji a karye. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Idan ba mu saba da gyaran ƙaramin abu yanzu ba, ba za mu gyara babba ba in mun zama injiniyoyi da shugabanni.

Na san iyayenmu za su ce babur na da haɗari, kuma sun yi gaskiya. Ba na cewa a ba yaro mabuɗi ya kama hanya. Tuƙi sai wanda ya cika shekara 18 ya kuma mallaki lasin. Mai tuƙi da wanda aka goya kowa ya sa hular kwano. A tashi da sassafe, kada dare ya yi a daji, a tambayi lafiyar hanya da dokar babur ta garin da za a shiga. Amma a lura, babur da aka duba burkinsa da tayoyinsa ya fi wanda ba a duba ba aminci. Ashe koyon gyara rigakafi ne.

Saboda haka ina roƙon hukumar makarantarmu ta kafa ƙungiyar ƙananan kanikawa, a samo tsohon babur ɗaya, a gayyato bakanike daga cikin gari ya riƙa koya mana ran Asabar, maza da mata. Ina roƙon iyaye su bar mu mu zauna a gareji lokacin hutu maimakon zaman kashe wando. In kuma an tashi yawon buɗe ido na gaba, ko da a motar makaranta ne, a kai mu Bukuru mu tsaya a bakin kududdufi mu duba da idonmu, gani ya kori ji. Allah ya sa mu zama masu gyara, amin.