Bulala Kaɗai Ba Tarbiyya Ba Ce

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau dole mu faɗe ta, ko da za ta ɓata wa wasu dattawa rai.

A yawancin gidajenmu, yaro ɗan shekara 14 ba ya jin sunansa daga bakin mahaifinsa sai da zagi. "Daƙiƙi", "marar amfani", "dubi ɗan wane". Ya kawo sakamakon jarrabawa, in ya faɗi a lissafi sai bulala, in ya ci kuwa ba mai cewa madalla. Yaron da aka gaya masa shi jaki ne sau ɗari zai yarda. Daga nan sai ya fara fashin makaranta: ya sa yunifom da safe, ya wuce tashar mota ko gidan kallon ƙwallo, ya dawo lokacin tashi. Mu kuma mu ce shaiɗan ne, mu kira taron addu'a.

Za a ce mana, ai Karin Magana 13:24 ta yi zancen sanda. Gaskiya ne. Amma me ya sa muke tsallake Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokane 'ya'yansu har su karai? Ba ma goyon bayan sangarta. Iyayen da ba sa tambayar inda 'yarsu ta yini, ko suke ɗora mata talla ranar makaranta, su ma sun kāsa. Tun 1966 masaniyar halayyar ɗan Adam Diana Baumrind ta Amurka ta rarrabe iyaye kashi uku: masu tsanani, masu sassauci da yawa, da masu kafa doka tare da ƙauna da bayani. 'Ya'yan kashi na uku ta samu sun fi amincewa da kansu.

Dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye a Nijeriya alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare. Mu da muke tsiraru a garuruwanmu, wane gādo muke da shi da ya wuce ilimin yaranmu?

Dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata, ku sa wannan a taronku na gaba. Uba, je makarantar ɗanka, ka duba rajista, ka zauna da shi ka saurare shi kafin ka ɗaga hannu. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.