Maganaɗisu a Ƙwaya Guda: Kada Mu Yi wa Bincike Gaggawa

Da zarar an ambaci binciken kimiyya a makarantunmu, sai ka ji ana tambaya, "To mene ne amfaninsa?" A ganina, wannan gaggawa tana kashe ilmi tun yana tsiro.

Mu dubi sinadarin da ake kira Mn12. A 1980 Tadeusz Lis, masanin kemistare a ƙasar Folan, ya bayyana shi bayan ya haɗa gishirin manganis da famanganet, sinadarin nan mai launin shunayya na ɗakunan gwajinmu, cikin asid irin na binega. Kowace ƙwayarsa tana ɗauke da zarrar manganis 12, huɗu a tsakiya, takwas a kewaye, oksijin da asitet 16 na riƙe da su.

Sai a 1993 Roberta Sessoli da abokan aikinta a Italiya suka nuna cewa kowace ƙwaya maganaɗisu ce mai zaman kanta. Na tsakiya suna ja da na kewaye, amma takwas ɗin sun rinjaya. In aka fuskantar da ita wani gefe, takan riƙe alƙiblarta, kamar yadda faifan kwamfuta ke adana bayani.

Masu suka za su ce hakan ba ya yiwuwa sai a sanyin kusan digiri 270 ƙasa da sifiri. Gaskiya ne. Amma wannan hanya ce ta kai masana, a 2018, ga wani sinadarin disforosiyam mai riƙe alƙiblarsa har a digiri 193 ƙasa da sifiri, sanyin da ruwan naitirojin ke wadatarwa.

Saboda haka, malamai, ku bar ɗalibi ya tambayi "yaya" da "don me", ko da amfanin bai bayyana ba tukuna. Lis bai san mai girbin shukarsa ba.