Kasagi Ya Cancanci Kundi

Duk wanda ya yi karatun Hausa a sakandare a arewacin Najeriya ya san Kulɓa Na Ɓarna, wasan kwaikwayon da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979, wanda daga bisani Brendan Shehu ya mayar da shi fim. Marubucinsa, Alhaji Umaru Ɗanjuma Katsina, shi ne kuma ɗan wasan da jama'a suka fi sani da Kasagi. Ya rasu a 2021.

Ɗalibin da ke son jerin wasanninsa, da shekarar da aka yi kowanne, da abokan aikinsa, sai ya sha yawo tsakanin tsofaffin fitowar mujallar Fim da bakin dattawa. Wannan giɓi ne babba, domin littafin marubuci yana nan a kan kanta, amma aikin ɗan wasa a kaset yake, kaset kuwa lalacewa yake yi.

Jihar Katsina ta riga ta ga yadda ake irin wannan aiki. Littafin Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ya zama madogara ga masu nazarin Mamman Shata. Kasagi ma irin wannan kundi yake buƙata.

Nauyin ya rataya a wuyan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar. Matakin farko shi ne naɗar muryoyin waɗanda suka yi wasa tare da shi, tun suna raye.