Guzuri da Girkin Zango: Darasin da ke Bakin Titin Ijora

Idan aka yi maganar fita daji a kafa tanti, a hura wuta a yi girki, a kwana a waje, da yawa daga cikinmu sai hankalinmu ya tafi ga Turawa, domin a finafinansu muka saba ganin haka. Har wasu kan ɗauka cewa Bahaushe baƙo ne a wannan harka, sai dai ya aro ta ya kuma aro kalmominta. Ni kuwa a nawa ra'ayin, Bahaushe tsohon hannu ne a girkin hanya, kuma neman abinci ne ya koya masa tun kafin a san mota. Abin da nake son jawo hankalin 'yan'uwana ɗaliban harshe a kai shi ne, wannan ilimi yana nan da ransa a bakin titin Ijora da ke Ikko, a hannun direbobi da yaran mota, alhali mu da ke da alhakin tattara shi mun yi biris da shi.

Daga ayari zuwa tirela

A ƙarni na 19, fataken Kano da Katsina da Sakkwato kan ɗaure kaya da rani su nufi Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, domin sayo goro. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu da gabu, wato busasshen ganyen albasa. Tafiya ce ta watanni a ƙafa da jakuna, madugu na shugabantar ayari, jagaba na gaba yana duba hanya. Duk inda aka ya da zango sai a sauke mangala, a nemo duwatsu uku da itace, a ɗora tukunya. Wannan zangon ne ya bar sunansa a unguwannin Hausawa da ke Kumasi da Akara har zuwa yau. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a kan wannan fatauci na goro, wanda aka buga a 1980.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai akalar tafiya ta karkata zuwa Kurmi. Goron da aka shiga nomawa a wajajen Agege ya jawo Hausawa suka kafa zango a can, jirgin ƙasa kuma yana sauke mutane da kaya a tashar Iddo, maƙwabciyar Ijora. Daga baya manyan motoci suka karɓe aikin. Jaki ya koma tirela, falke ya koma direba, amma ciki bai canza ba. Mutumin da ya baro Kano ya yi tafiyar kilomita wajen 1,000, dole ya san yadda zai ci, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ijora kuwa mashiga ce ta tashar jiragen ruwa ta Apapa da ma'ajiyoyin man fetur da ke kewayenta. Tsakanin 2017 da 2021 cunkoson manyan motoci a wannan yanki ya kai inda layin tireloli da tankoki ya haye gadar Ijora ya miƙe zuwa cikin gari, direba ya yi kwanaki, wani lokaci makonni, yana jiran lodi ba tare da ya iya barin motarsa ba. A watan Mayu na 2019 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti na musamman domin share hanyar, a watan Fabrairu na 2021 kuma Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin kiran motoci ta na'ura mai suna Eto, aka mai da filin Lilypond da ke Ijora wurin jiran motoci. Jaridu sun yi ta rubutu a kan asarar kuɗi da lalacewar hanya. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tambayar da ba a cika yi ba: me waɗannan bayin Allah suke ci, kuma yaya suke dafa shi?

Abin da ke cikin jakar matafiyi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Guzuri tun daga gida ake haɗa shi, kuma idan mai karatu ya duba da kyau zai ga kusan duk abin da ke cikinsa busasshe ne: ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, dakuwa, dabino, garin kwaki, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daddawa da yaji. Dalili shi ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa yaɗuwa sai da danshi. Idan aka shanya abu, ko aka soya shi har ruwansa ya ƙone, aka haɗa da gishiri da yaji, zai daɗe bai lalace ba, ga shi kuma ba nauyi. Kakanninmu ba su shiga ɗakin binciken kimiyya ba, amma sun gano wannan ta hanyar gwaji na shekaru aru-aru.

Abincin hanya iri biyu ne. Akwai wanda ba ya bukatar wuta, kamar kwaɗon garin kwaki da ƙuli da albasa da ɗan mai, ko dawo a dama da nono, ko tukuɗin mutanen Agadas da ake yi da gero da dabino da cuku. Akwai kuma na tukunya ɗaya, wanda shi ne sarkin zango. Dafa-duka ta samu sunanta ne daga nan: shinkafa da mai da kayan miya duk a zubi guda, wanki ɗaya, wuta ɗaya. Garau-garau ma haka, shinkafa da wake da mai da yaji. Ɗanwake kuwa ya fi su sauƙin ɗauka, domin garinsa a haɗe yake da kuka, sai dai a kwaɓa da ruwan kanwa a jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso ya ɗan jima a tsame. Ita kanwar nan da ake jefa wa wake aikinta ta sa ya yi saurin nuna, kuma duk wanda ya taɓa sayen gawayi da kuɗinsa ya san amfanin hakan.

Shi kansa murhun akwai hikima a cikinsa. Duwatsu uku ake sawa domin abu mai ƙafa uku ba ya rawa ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Ana barin ƙofa ɗaya ta ɓangaren da iska ke shigowa. Gwanin girki ba ya ɗora shinkafa ta tsotse a kan harshen wuta, sai ya janye itace ya bar ta a kan garwashi don kada ta kama. Wasu kan shafa wa gindin tukunya jiƙaƙƙiyar toka kafin su ɗora, yadda baƙin zai fita da sauƙi wajen wanki. A Ijora, inda dutse da itace ke wuyar samu, za ka ga tsohon wilin mota ya zama murhu, ko kurfoti, ko risho, ko ƙaramar tukunyar gas. Da na zauna da wasu yaran mota a can, na lura cewa rabon aiki ma a tsare yake: wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya yanka albasa, kowa ya kawo abin da ke jakarsa, a juye a faranti ɗaya, kuma ba a sa hannu sai an kira maigida. Ayarin fatake ke nan a cikin sabuwar riga.

Ina ruwan ɗalibin harshe?

Wani zai ce, to, mu da muka zo karatun nahawu da adabi, me ya haɗa mu da tukunyar direba? Amsata ita ce, kalmomi a wurin aiki suke rayuwa, kuma idan aikin ya mutu sukan bi shi. Mu gwada kanmu. Mu nawa ne a aji za su iya bambance gashi da babbaka da banda? Ko sulala da turarawa? Ko talge da ruɗe? Mu nawa suka san salka da burgami da taiki da ƙyastu? Waɗannan kalmomi suna kwance a ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, amma sanin kalma a takarda daban, jin ta a bakin mai amfani da ita daban. Idan aka ba mu fassarar wani rubutu a kan kwanan daji, sai mu yi ta kame-kame muna ƙirƙirar kalmomi, alhali zango da guzuri da makamashi da rushi suna nan suna jiranmu.

Bugu da ƙari, tukunyar zango wuri ne da harsuna ke cuɗanya. Ashanar da ake kunna wutar da ita daga Yarbanci muka aro sunanta, haka teba da alabo. Su ma Yarbawa suna cewa tuwo, kuma suya ta zama kalmar kowa a Ikko. A Gana, shinkafa da waken da ake sayarwa a kowace kusurwa sunanta daga kalmarmu ta wake ya samo asali, kokonsu da ƙosansu ma da sunan Hausa ake kiransu. Ba malamai ne suka kai waɗannan kalmomi can ba, matafiya ne da masu girki. Har kurfotin da na ambata ɗazu daga Ingilishi ya shigo, murhun Abacha kuma ya samu sunansa a shekarun 1990 lokacin da kananzir ya yi wuya. Kowace kalma a nan tana ɗauke da ɗan tarihinta. Duk ɗalibin da ke neman batun kundin kammala digiri a kan aron kalmomi ko Hausar 'yan tasha, ga fili nan ba a nome ba.

Abin da bai kamata a yaba ba

Kada a ce ina ƙawata wahala. Direban da ke girki a ƙarƙashin gada dole ce ta sa shi, kuma akwai haɗari a ciki. Na farko shi ne wuta. Falke a daji yake hura tasa kusa da jakuna da buhunan kanwa. Direban Ijora kuwa wani lokaci tankar mai ce a gefensa. Tururin fetur kan bi ƙasa ya tarar da wuta a nesa, ba sai man ya zuba ba. Gobarar tanka a gadar Otedola da ke Ikko a watan Yuni na 2018, da ta garin Majiya a Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 wadda ta ci rayuka fiye da 150, ba girki ne ya jawo su ba, amma sun isa su nuna mana abin da fetur ke yi idan ya haɗu da wuta. Na biyu, shigar da gawayi cikin kan mota a rufe gilashi saboda ruwan sama ko sauro, wanda iskarsa marar wari kan kashe mutum cikin barci. Na uku shi ne ruwa. Ikko ta yi fama da kwalara a tsakiyar 2024, kuma wanda ke kwana a titi shi ya fi kowa shiga haɗarin shan gurɓataccen ruwa.

Wasu na ganin maganin abin shi ne a hana girkin baki ɗaya, kowa ya je ya saya a wurin masu abinci. Ban yarda da wannan ba. Mutumin da bai san ranar da zai samu lodi ba, ga tsadar kaya da ta ƙaru tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ba zai iya sayen abinci sau uku a rana ba har na tsawon mako biyu. Abin da ya dace shi ne hukumomi da ƙungiyoyin direbobi su keɓe wurin girki a kowane gareji, nesa da tankoki, da famfo da bokitin yashi. Zangon da can yana da sarkinsa da ƙa'idojinsa. Na yau ma ya cancanci haka. Gargaɗin kuma a rubuta shi da Hausar da direba ke ji, da boko da ajami, wanda wannan aiki ne da ya faɗo a kanmu kai tsaye.

Kira ga 'yan'uwa

Shawarata guda biyu ce. Ta farko, duk lokacin da ƙungiyarmu ta shirya tafiyar ƙaro ilimi, ko wani zai fita aikin tattara bayanai a ƙauye, mu rage dogaro da burodi da taliyar leda. Mu gwada guzurin gida: da safe koko daga busasshiyar gasara, da rana kwaɗon gari wanda ba sai an hura wuta ba, da dare dafa-duka ko ɗanwake. A tafasa ruwan sha, kada a bar dafaffiyar shinkafa ta kwana cikin zafi, kuma kafin a tashi a kashe wuta da ruwa ko ƙasa har sai toka ta huce. Wanda ya tuƙa da hannunsa ba zai ƙara manta mene ne talge ba.

Ta biyu, mu ɗauki littafi da na'urar ɗaukar magana mu je inda masu abin suke: Ijora, Agege, kasuwar Mile 12, ko tashar da ta fi kusa da mu. Mu gaishe su da ladabi, mu nemi izini, mu tambayi tsofaffin direbobi abin da iyayengidansu suka koya musu, mu rubuta sunan kowane abinci da kowane kayan aiki yadda suke faɗarsa. In mun yi haka shekara biyu ko uku, sashenmu zai iya fitar da ɗan ƙamus na guzuri da girkin zango wanda zai amfani mai fassara da marubuci da malamin makaranta. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma waɗanda suka yi tafiyar suna nan zaune a inuwar motocinsu, sai dai ba za su dawwama ba.

Allah Ya kai matafiya gida lafiya, mu kuma Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.