Tab ɗin tsakar gida

Duk mai 'ya'ya ya san wannan tarba: kafin ka cire takalmi an miƙo hannu, "Abba, ara mini wayarka." Wayar da ke ɗauke da asusun bankinka da saƙonnin wurin aiki. Na daɗe ina haƙuri, har ranar da autata ta tura muryarta tana rera waƙar makaranta cikin zauren WhatsApp na ofishinmu. Washegari na nufi kasuwar waya ta Farm Centre.

Ban je neman iPad ba, aljihuna ya san iyakarsa. Kwamfutar hannu na saya, irin mai araha da 'yan kasuwa ke kira tab. Bayan wata shida, ra'ayina shi ne: amfaninta ba a ƙarfinta yake ba, a kasancewarta ba ta kowa ba ce. Waya sirrin mutum ce, tana bin mai ita kasuwa da masallaci. Tab kuwa kamar rediyon da iyayenmu ke ajiyewa a kan taga take, mai buƙata ya ɗauka, ya gama ya mayar.

Da safe Hajiya mahaifiyata ce ke riƙe da ita. Idonta ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, ga shi nan sai ta ja da yatsa biyu ayar Alƙur'ani ta cika fuskar gilashin. Ita da ta rantse ba za ta taɓa "abin yaran nan" ba, yanzu ita ke tambaya ko an sa caji. Da rana uwargida ta jingina ta da kwano tana bin masu koyar da girki. Da dare babban ɗana yana gwajin tambayoyin JAMB, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta kacokan. Yaron da bai saba karanta tambaya a gilashi ba, ranar jarrabawa da abu biyu zai yi kokawa. Jihar Osun ta hango haka tun 2013, da ta raba wa ɗaliban sakandare tab mai suna Opon Imo ɗauke da littattafai da tsofaffin tambayoyi.

Sai dai araha ba ta ado, kuma nan ne ake yankar mutane. An cika shaguna da tab na yara masu robar kariya kala-kala da sunan da ba ka taɓa ji ba. Na ga wadda kwalinta ya yi alƙawarin babbar ma'ajiya, aka zuba fina-finai kaɗan ta ce ta cika. Ka tsaya ga sunan da mai gyara ya sani, irin su itel, Tecno, Infinix ko jerin Galaxy Tab A na Samsung, don ranar da gilashi ya fashe, kuma zai fashe, a sami na canji. Ram ɗin da bai kai gig 3 ba wahala ce, gara 4. Ka kuma tambaya ko tana cin sim, domin gidaje nawa ne ke da Wi-Fi?

Na gwanjo ma akwai tarko. Fire ta Amazon, wadda ta yi suna a 2015 saboda dala 50 kacal aka sa mata, ba ta zuwa da Play Store. Tsohon iPad kuma jikinsa sumul, amma in Apple ya daina sabunta masa manhaja, sai ka ga abin da kake so ya ƙi sauka.

Dokokina biyu ne. Ta farko, ba manhajar banki, ba WhatsApp ɗina, duk da cewa ana iya haɗa asusu ɗaya da wasu na'urori huɗu. Ta biyu, ba ta kwana a ɗakin yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban gilashi. Na sa manhajar Family Link tana kulle ta ƙarfe tara, ta hutar da ni zama mugu.

Rigima dai ba ta ƙare ba, wuri ta canza. Jiya na tarar da autar tana kai ƙarar kakarta: wai Hajiya ta ɓoye tab a ƙarƙashin sallaya.