Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa Kan Masu Taɓin Hankali

Masu girma Gwamnonin jihohin Arewa,

Ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wasu bayin Allah da ba sa zuwa gidan gwamnati neman alfarma, ba sa kuma cika fili ranar kamfe. Ina nufin masu fama da taɓin hankali da ciwon damuwa, da matasan da ƙwaya ta ci ƙarfinsu, da iyayensu da ke ɓoye su a ƙuryar ɗaki don gudun abin faɗa.

Duk lokacin da aka ta da maganarsu, amsar hukuma ɗaya ce: babu likitoci, babu kuɗi. Maganar rashin likitoci gaskiya ce. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa suke yi zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. 'Yan kaɗan ɗin da muke da su a Arewa suna Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai asibitocin koyarwa. Magidancin da ɗansa ya birkice a wani ƙauye mai nisa sai ya sayar da akuya ko buhun hatsi kafin ya ɗauki shatar mota, kuma wata mai zuwa a ce ya komo da shi. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya wallafa a 2006 ya nuna cewa cikin masu matsanancin ciwo, waɗanda suka sami wata kulawa a tsawon shekara ba su kai ɗaya cikin goma ba. A ƙasar Yarabawa aka yi wannan bincike, inda suka fi mu asibitoci da likitoci. Sai ku kwatanta halin da ake ciki a namu ƙauyukan.

Amma rashin likitoci ya daina zama uzuri. Cikin shekaru ashirin da suka wuce masu bincike sun gwada, sun sake gwadawa, sun kuma tabbatar da cewa ana iya yi wa mafi yawan waɗannan marasa lafiya magani a ƙaramin asibitin unguwa, a hannun ma'aikacin lafiyar da kuke biya albashi yanzu haka. Mafi yawan wannan aiki a Afirka da Asiya aka yi shi, cikin talakawa irin namu.

Zan fara da wanda ya fi kusa da rayuwarmu. Kowa ya san inda Bahaushe ke fara kai mai taɓin hankali. Wurin malam ake zuwa, ko mai ruƙiyya, ko boka, 'yan'uwanmu Kirista kuma su nufi gidan addu'a. A ce aljanu ne, ko sammu, ko jifa, a yi ta rubutu da hayaƙi. Idan abin ya faskara, sai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Ba a jima ba aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Rufe gidajen ya dace, babu mai ja. Sai dai yawancin waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, domin ba su da wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa. An rufe musu wannan, ba a buɗe musu wata ba.

A 2020 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Gureje da abokan aikinsa suka yi a Ibadan da kuma Kumasi ta ƙasar Gana, a kan mutum 307 masu matsanancin taɓin hankali da ke kwance a wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a. Ba a kori masu wuraren ba, ba a kuma ce musu ku daina abin da kuke yi ba. An zaunar da su aka koya musu alamomin ciwon da haɗarin ɗauri da duka da hana abinci. Aka haɗa kowane wuri da ma'aikacin lafiya daga ƙaramin asibitin da ke kusa, yana zuwa kowane mako yana duba marasa lafiya, yana ba da magani, yana sauraron mai wurin, shi kuma likita yana sa ido daga nesa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi musu wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi ƙwarai, sun kuma fi iya komawa harkokinsu. Ɗauri da duka sun ragu matuƙa, har a wuraren da ba a tura ma'aikacin lafiya ba, abin da ke nuna cewa ilimantarwa da sa ido kaɗai suna kwance sarƙa.

Ranku ya daɗe, wannan darasi namu ne tun asali. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma shawara da masu maganin gargajiya. Duniya ta zo ta koya daga gare shi, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Arewa muna da abin da Lambo zai so ya samu: limamai da alarammomi da masu unguwanni da dagatai waɗanda maganarsu ke shiga inda ta likita ba ta shiga. Uban da ba zai saurari ma'aikacin lafiya ba, idan limamin unguwa ya ce masa "Alhaji, a ci gaba da addu'a, amma a haɗa da maganin asibiti," zai ji. Addininmu bai hana neman magani ba, umarni ma ya yi da shi. Abin da ya rage shi ne gwamnati ta yi wa masu ruƙiyya da masu gidajen gyaran tarbiyya rajista, ta koyar da su, ta haɗa kowanne da asibiti, ta kuma gindaya sharaɗin da ba sassauci a cikinsa: duk wanda ya ɗaure ko ya doki mara lafiya zai gurfana gaban alƙali.

Ciwon damuwa kuwa ya fi taɓin hankali yawa nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi ɓuya, domin mai shi ba ya tsince-tsince a bola. Uwar gida ce da ta daina barci, ta daina cin abinci, kullum tana asibiti da ciwon kai da faɗuwar gaba, ana ba ta maganin maleriya da na taifot tana komowa. Mai jego ce da ke kuka ba dalili, ta kasa shayar da jaririnta, dangi na cewa shagwaɓa ce ko iska. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, cikin Musulmi manoma masu zaman gandu irin namu, an koya wa mata ma'aikatan lafiya da ke shiga gida-gida yadda za su zauna da masu ciki da masu jego su taya su warware tunanin da ya cushe musu. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne kawai ke da sauran ciwon, alhali a rukunin da ba a yi musu haka ba kashi 53 ne. A Harare ta Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, zama shida kacal. A rahoton 2016, masu sauran alamun ciwon bayan wata shida ba su kai kashi 14 ba, a ɗaya rukunin kuwa kusan rabi ne. A nan gida ma, gwajin da aka yi a ƙananan asibitocin Ibadan da marasa lafiya fiye da 1,000, aka buga a 2019, ya nuna cewa idan aka horar da ma'aikata da littafin jagora na mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan uku cikin huɗu na masu ciwon damuwa suna warkewa cikin shekara.

Muna da ungozomomi, muna da matan da suka shafe shekaru suna shiga gida-gida da allurar shan inna, muna da malaman Islamiyya mata da kowace unguwa ta yarda da su. Ba ma'aikata muka rasa ba, horo da kulawa da ɗan alawus suka rage. Wannan bai tsaya ga masu jego ba. A Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Neja da Filato akwai dubban mutanen da aka kashe nasu a gabansu, ko suka yi watanni a hannun masu garkuwa, suka dawo gida aka yi musu barka aka watse, su kuwa har yau ƙarar babur na sa su firgita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari na zama biyar da wanda ba likita ba zai iya gudanarwa, an gwada shi a Peshawar cikin mutanen da rikici ya ɗaiɗaita, ya kuma yi aiki.

Game da magani, za ku ji labarin sababbi daga Amurka. A 2023 an amince da ƙwayar zuranolone ta ciwon damuwar jego, wadda ake sha kwana 14, a 2024 kuma aka amince da Cobenfy, wanda shi ne na farko cikin shekaru masu yawa da ya bi wata sabuwar hanya wajen magance matsanancin taɓin hankali. Abin farin ciki ne, ina kuma fatan wata rana su iso mana da araha. Amma na farkon ya fito da farashin kusan dala 16,000, na biyun kuma dala 1,850 a wata. Kada wani ɗan kwangila ya ruɗe ku da su. Babban nazarin da aka buga a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magungunan damuwa 21, ya gano cewa dukkansu suna aiki, kuma amitriptyline, tsohon magani mai arha, yana sahun gaba. Chlorpromazine tun 1952 ake amfani da shi. Shi da haloperidol da risperidone da fluoxetine da allurar wata-wata duk suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Suna da illolinsu, kamar sandarewar jiki da rawar hannu da yawan barci, shi ya sa ake buƙatar ma'aikacin da ya san yadda zai daidaita su. Babbar matsalarmu ita ce yankewa. Mara lafiya ya samu sauƙi, ya koma gona ko kasuwa, sai magani ya ƙare a asibiti ko kuɗi ya ƙare a aljihu, ciwo ya dawo sabo, dangi su ce ai dama maganin asibiti ba ya yi wa aljani komai. Ku sa waɗannan magunguna cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jihohinku da kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, ku tabbatar ba sa yankewa.

Maganar ƙwaya kun fi ni saninta. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin. Wani bincike da aka yi a biranen Turai da Barazil, aka buga a 2019, ya nuna mai shan wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan wiwin mai ƙarfi ne kusan sau biyar. Kama dillalai da ƙona kaya wajibi ne. Yaron da ya riga ya kamu kuwa mara lafiya ne, gado da magani da sana'a yake buƙata.

Sai doka. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai tushe tun 1916, zamanin da ake kallon mara lafiya kamar fursuna. Sabuwar dokar ta ba shi 'yanci da mutunci, amma ƙananan asibitoci da ma'aikatansu a hannunku suke, don haka jihar da ba ta yi tata dokar ta ware mata kuɗi ba, takardar Abuja ba za ta kwance wa kowa mari ba. Akwai kuma sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohinmu suka gada, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Kashe kai haramun ne, babu Musulmi ko Kiristan da ke jayayya da haka. Amma wanda ciwo ya kai shi bakin rijiya aka ciro shi da rai, likita ya kamata ya gani, kuma tsoron 'yan sanda ne ke sa dangi su ɓoye shi har ya sake gwadawa. Gana ta soke irin wannan hukunci a 2023. Majalisun jihohinku za su iya.

Za ku lura cewa garuruwan da aka yi gwaje-gwajen da na ambata su ne Ibadan da Kumasi da Harare da Rawalpindi da Peshawar. Ina so in ga Bichi da Gumel da Argungu da Biu a cikin irin waɗannan mujallu. Matar da ke cikin kulle, wadda sai da izinin miji za ta fita, wadda uwar miji ke da ta cewa a kan jinyarta, tana buƙatar tsarin da aka gwada da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a zauren gidansu. Muna da masana a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri da za su iya wannan aiki, in an ba su kuɗin bincike da bai kai na titi mai tsawon kilomita ɗaya ba.

Ina roƙonku, don girman Allah, kowannenku ya zaɓi ƙaramar hukuma ko da guda uku a kasafin kuɗin baɗi. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinsu, a ajiye magani, a zaunar da malamai da sarakuna da limaman coci, a ba wata jami'a aikin bibiya ta faɗi gaskiyar abin da ta gani bayan shekara. Ku kuma umarci kwamishinoninku na lafiya su kai ziyarar ba-zata gidajen mari da suka rage, su ƙirga mutum nawa ne ke ɗaure a jiharku yau, su kawo muku adadin a rubuce.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.

Naku,
Ɗaya daga cikin talakawanku