Kada Mu Bar Dandali Ya Mutu

Duk wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai ga shanu da raƙuma da tumaki daga Nijeriya da Nijar, zai ji Hausa da Fulatanci da Barbarci. Amma da wuya ya ji gangar noma ko kirarin ɗan kokawa kamar yadda iyayenmu suka saba ji a ƙasar Gumel. Wannan abin ya dame mu, mu malamai.

A da, idan damina ta sauka, akan kira gayya. Samari su jeru a gonar gero, makaɗi yana biye da su da gangarsa, yana kaɗa wa kowa takensa, rago kuwa ya sha zambo. Kafin la'asar an gama gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita. Da kaka kuma sai a buɗe fagen kokawa da dambe, Fulani su yi sharo. In farin wata ya fito, 'yan mata su yi gaɗa a dandali, yara maza su yi langa, kowa riƙe da ƙafa ɗaya, suna kare ruwansu har ya sha. A nan yaro yake koyon juriya da bin doka, ya kuma san cewa in an kayar da shi yau, gobe ma rana ce.

Yanzu fa? Ɗalibinmu zai lissafa maka 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma bai san taken noman kakansa ba. Ba mu ƙi ƙwallo ba. Sai dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mu dubi maƙwabtanmu na tsallaken iyaka. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar ta mai da kokawa gasa ta ƙasa, inda jihohi suke karawa, a ba zakara takobi. Jama'a kuwa sukan kasa kunne ga rediyo har a gama. Abin da muka ɗauka wasan ƙauye ne, su sun ɗaukaka shi.

Mun san wasu iyaye da dattawan ikilisiya suna ɗari-ɗari, domin a fagen dambe da kokawa akan ga layu da guraye da tsafe-tsafe. Gaskiya ne, kuma ba mu goyi bayan haka ba. Amma ba a zubar da hatsi saboda tsakuwa, tsince ta ake yi. Ai da ganga da tulu 'yan zumuntar mata suke yabo a majami'unmu, ba wanda ya ce sun yi laifi.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, a sa langa da kokawa da gaɗa cikin wasannin gidaje na makaranta, malami yana alƙalanci. Ta biyu, kowane ɗalibi, ko daga Gagarawa yake ko Sule Tankarkar, ya zauna da wani tsoho a lokacin hutu, ya rubuto waƙar gayya ko ta daka guda ɗaya, a adana a ɗakin karatu.

Ya ku ɗalibai, tsofaffin nan ba za su jira mu ba. Mu tambaye su tun suna da rai. Allah ya taimake mu, amin.